Tarihin Yawon Shaƙatawa a Jirgin Ruwa: Yadda Abin Hawa Ya Zama Wurin Zuwa

1.0 Gabatarwa

A ranar 27 ga watan Janairu na shekarar 2024 wani jirgin ruwa mai suna Icon of the Seas ya tashi daga birnin Miyami na ƙasar Amurka. Tsawonsa ya kai mita 365, kuma yana iya ɗaukar fasinja har 7,600, ban da ma'aikata 2,350. Bayan ya yi kwana bakwai yana zagaya tsibiran Karibiyan, sai ya komo Miyami ya sauke mutanen a daidai inda ya ɗauke su. Ga wanda ya saba da cewa tafiya sai da dalili, ko fatauci, ko neman ilimi, ko sada zumunci, wannan abin mamaki ne: mutum ya biya kuɗi masu yawa don a fita da shi teku a dawo da shi.

Wannan takarda za ta bi diddigin yadda wannan al'ada ta samo asali a Turai da Amurka, da yadda ta bunƙasa. Abin da take son nunawa shi ne, kusan duk wani babban mataki a tarihin wannan harka ya biyo bayan wani lokaci ne da kamfanonin jiragen ruwa suka rasa fasinja, suka shiga neman abin da za su yi da ɗakunan da babu kowa a ciki. Haka ya faru har sau uku. Daga ƙarshe za a duba waɗanda suke ɗaukar nauyin wannan jin daɗi, wato ma'aikatan jiragen da garuruwan da ake ya da zango a cikinsu.

2.0 Jirgin Jigila da Jirgin Shaƙatawa

Kafin a yi nisa, ya kamata a bambance abubuwa biyu da ake yawan haɗawa. Jirgin jigila shi ne mai ɗaukar fasinja da wasiƙu da kaya daga wata tasha zuwa wata, a kan hanya guda da lokaci tsayayye. Irin wannan jirgi ana ƙera shi ne da ƙarfi da gudu, domin dole ya keta teku ko da ana guguwa. Sanannen jirgin nan Titanic, wanda ya nutse a 1912 mutum fiye da 1,500 suka rasu, jirgin jigila ne, kuma da yawa daga cikin fasinjansa talakawa ne masu ƙaura zuwa Amurka.

Jirgin shaƙatawa kuwa ba ya gaggawa. Yakan yi tafiya da dare, ya tsaya a wata tasha da safe, fasinja su sauka su yi kallo, su koma ciki kafin magariba. A nan suke ci, a nan suke kwana. Kalmar da Ingilishi ke amfani da ita ga wannan tafiya ta fito ne daga wata kalmar harshen Holan mai nufin gittawa, wato kai da komo a teku. A wannan takarda za a riƙa cewa "jirgin shaƙatawa" da "yawon shaƙatawa a teku".

3.0 Mafari: 1844 zuwa 1890

Kafin zuwan injin tururi, tafiyar teku wahala ce da kasada. Jirgi na tafiya ne da iska, ba a san ranar isa ba, ga ƙarancin ruwan sha, ga jiri da amai. Injin tururi ne ya sa aka iya faɗin ranar tashi da ranar isa, daga nan ne kuma aka fara tunanin sayar wa mutane tafiyar don kanta.

Kamfanin P&O na Ingila ya sami kwangilar kai wasiƙu Sifen da Fotugal a 1837, daga bisani aka ƙara masa har zuwa Masar. Tun da jiragensa dole su tafi ko da fasinja ko babu, sai a 1844 ya fara sayar da tikitin zagaya Bahar Rum. Marubucin nan William Thackeray ya yi wannan tafiya kyauta a shekarar, ya ga Jibralta da Malta da Atina da Istambul da Birnin Ƙudus da Alƙahira, ya kuma rubuta littafi a kanta wanda ya zame wa kamfanin talla. Sai dai matafiyin wancan lokaci yakan sauka daga wannan jirgin wasiƙu ne ya hau wancan.

A Amurka kuma, a 1867 aka yi hayar jirgi mai suna Quaker City ya tashi daga Niyok, ya yi wata biyar yana zagaya Bahar Rum da ƙasar Falasɗinu. Kuɗin tikiti dala 1,250 ne, abin da ya fi albashin shekara na yawancin ma'aikatan zamanin. Mark Twain yana cikin jirgin, kuma labaran da ya aika wa jaridu su ne suka zama littafinsa The Innocents Abroad a 1869. Duk da haka, waɗannan tafiye-tafiye jefi-jefi ake yin su, ba su zama sana'a tsayayya ba.

4.0 Albert Ballin da Matsalar Hunturu

Wanda ya mayar da abin sana'a shi ne Albert Ballin, wani Bajamushe haifaffen birnin Hambug, wanda ya zama shugaban sashen fasinja na kamfanin HAPAG a 1886. Babbar kasuwar kamfanin ita ce jigilar mutane zuwa Amurka. Amma da hunturu arewacin Tekun Atlantika kan yi sanyi da manyan igiyoyin ruwa, fasinja su ƙaurace, jirage masu tsada su zauna a tasha ana biyan ma'aikata ba a samun komai. Wannan shi ne karo na farko da rashin fasinja ya haifar da dabara.

Ballin ya yanke shawarar tura jirginsa mafi kyau, Augusta Victoria, zuwa inda ake rana. Jirgin ya tashi daga tashar Cuxhaven ranar 22 ga Janairu 1891 da fasinja 241, shi kansa Ballin da matarsa suna ciki. An yi kwana 57 ana tafiya, aka tsaya a Jibralta da Iskandariya da Yafa da Beirut da Istambul da Malta da wasu tashoshi. A kowace tasha an riga an shirya wa fasinja yawon kallo, a cikin jirgi kuma ga abinci iri-iri, ga makaɗa, har da 'yar jarida da ake bugawa. Wannan tsari shi ne ake bi har yau.

Ganin nasarar da aka samu, sai kamfanin ya sa aka ƙera Prinzessin Victoria Luise, wanda aka sa a ruwa a 1900, kuma shi ake ɗauka a matsayin babban jirgi na farko da aka ƙera musamman don shaƙatawa. Ɗakunansa 120 duka faskila ne, yana da ɗakin karatu da ɗakin motsa jiki da ɗakin wanke hoto. Bai yi tsawon rai ba. A Disamba 1906 ya hau kan duwatsu kusa da Kingston a Jamaika. An ceci fasinja duka, amma kyaftin ɗin ya harbe kansa.

5.0 Tsakanin Yaƙe-yaƙen Duniya Biyu

Ko da yake hotunan manyan zaurukan faskila ne aka fi tunawa da su, ribar jiragen jigila ta dogara sosai ga 'yan gama-gari, wato masu ƙaura da ake cusawa a can ƙasan jirgi. A 1907 kawai mutum fiye da miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu suka shiga Amurka don zama. Sai ga shi a 1921 Amurka ta kafa dokar taƙaita shigar baƙi, ta ƙara tsananta ta a 1924, har adadin da aka yarda ya shiga daga Turai ya dawo wajen 165,000 a shekara. Wannan shi ne karo na biyu.

Kamfanoni sun ɓullo wa abin ta hanya biyu. Sun gyara wuraren gama-gari suka mayar da su ɗakunan 'yan yawon buɗe ido masu matsakaicin ƙarfi, kamar malamai da ɗalibai. Sun kuma ƙara yawan tafiye-tafiyen shaƙatawa. A Nuwamba 1922 jirgin Laconia na kamfanin Cunard ya tashi daga Niyok ya zagaya duniya cikin kwana 130, ya ratsa ta mashigin Fanama. Dokar hana sayar da barasa a Amurka, wadda ta yi aiki daga 1920 zuwa 1933, ita ma ta kawo kasuwa, domin jirgi mai tutar wata ƙasa da zarar ya fita daga ruwan Amurka sai a buɗe mashaya. Gajerun tafiye-tafiye zuwa Habana da Nasau da Bamuda suka yi farin jini. A 1922 wani kamfanin Amurka ya mayar da rajistar jiragensa biyu, Reliance da Resolute, zuwa Fanama saboda wannan dalili. Za a sake komawa kan batun tuta a gaba.

Siyasa ma ta shigo ciki. Gwamnatin 'yan Nazi a Jamus ta kafa wata ƙungiyar hutun ma'aikata a 1933, ta riƙa kai leburori yawon teku zuwa gaɓar Norwe da tsibirin Madeira a kan kuɗi kaɗan, don ta sayi zukatansu. Jirgin da ta ƙera don haka, Wilhelm Gustloff, ya fara aiki a 1938. Ƙarshensa ya yi muni: ranar 30 ga Janairu 1945, yana ɗauke da 'yan gudun hijira da sojoji a Tekun Baltik, jirgin ƙarƙashin teku na Tarayyar Sobiyet ya nutsar da shi. An ƙiyasta mutum wajen 9,000 suka mutu.

6.0 Zuwan Jirgin Sama

Karo na uku shi ne mafi tsanani. A Oktoba 1958 jiragen sama masu injin jet suka fara jigila tsakanin Turai da Amurka. Tafiyar da jirgin ruwa ke yi cikin kwana biyar ta dawo ƙasa da sa'a goma. Cikin shekara goma kasuwar jigila ta ruguje. An janye Queen Mary daga aiki a 1967, Queen Elizabeth a 1968, United States a 1969.

Wannan guguwa ba ta bar Afirka ta Yamma ba. Ɗalibai da ma'aikatan gwamnati da dama na wannan yanki da suka tafi Turai kafin samun 'yancin kai da kuma jim kaɗan bayansa, ta jirgin ruwa suka tafi. Jirgin Ancerville mai zirga-zirga tsakanin Faransa da Dakar an sayar da shi ga ƙasar Sin a 1973, shi kuma Aureol na kamfanin Elder Dempster, wanda ke haɗa Ingila da Saliyo da Ghana da Legas, ya yi tafiyarsa ta ƙarshe a 1974.

Labarin jirgin France ya isa misali. Ya fara aiki a 1962, tsawonsa mita 316, Faransawa suna alfahari da shi. Da farashin mai ya tashi a 1973, gwamnati ta janye tallafin da take ba shi, aka ɗaure shi a tasha a 1974. Ya yi shekara biyar a ɗaure kafin wani attajirin Norwe, Knut Kloster, ya saye shi a 1979. An rage masa injuna domin ba a bukatar gudu, aka faɗaɗa wuraren shan iska, aka canza masa suna zuwa Norway, ya koma yawo a Karibiyan a 1980. Faɗuwar wani, tashin wani.

7.0 Miyami da Haihuwar Harkar Zamani

Jirgin saman da ya kashe jigila shi ne kuma ya raya shaƙatawa, domin ya ba mutumin da ke zaune cikin sanyin arewacin Amurka damar isa Miyami cikin 'yan sa'o'i, ya hau jirgin ruwa a inda ake rana. A Disamba 1966 Kloster da wani ɗan kasuwa mai suna Ted Arison suka fara tura jirgin Sunward daga Miyami zuwa Nasau. Kamfanin Royal Caribbean ya biyo baya a 1968. Da Arison ya ɓata da Kloster, sai ya kafa Carnival a 1972 da wani tsohon jirgin jigila da ya sa wa suna Mardi Gras. A tafiyarsa ta farko jirgin ya maƙale a yashi tun bai bar Miyami ba. Kamfanin ya ci bashi har a 1974 Arison ya karɓe shi gaba ɗaya a kan dala ɗaya, tare da ɗaukar bashin dala miliyan 5.

Dabarar Arison ita ce ya bar attajirai ya nemi matsakaita. Ya sauke farashin tikiti, ya cika jirgi da kiɗa da rawa da gidan caca, ya mayar da jirgin kansa abin da ake zuwa gani. Wani wasan talabijin mai suna The Love Boat, wanda aka nuna daga 1977 zuwa 1986, ya shigar da wannan rayuwa cikin gidajen miliyoyin Amurkawa.

Daga nan aka shiga tseren girma, domin kyaftin ɗaya da inji ɗaya sun fi riba idan fasinja sun fi yawa. Ana auna girman jirgi da "tan", wanda a nan yake nufin faɗin cikin jirgi, ba nauyinsa ba. Titanic tan 46,000 ne da 'yan kai. Sovereign of the Seas na 1988 ya kai wajen tan 73,000, Carnival Destiny na 1996 ya haura 100,000, Oasis of the Seas na 2009 ya haura 225,000, Icon of the Seas kuwa ya kusa 250,000. Yawan fasinja ma haka: wajen rabin miliyan a 1970, miliyan 29.7 a 2019, fiye da miliyan 34 a 2024. Kusan kashi ɗaya cikin uku na kuɗin shigar manyan kamfanonin daga abin da fasinja ke kashewa bayan sun shiga jirgi yake fitowa, wato abin sha da caca da kantuna da yawon kallo.

8.0 Tuta da Ma'aikata

Arahar tikitin tana da tushe. A dokar teku, jirgi yana bin dokokin ƙasar da ya yi rajista ne, wato ƙasar da yake ɗauke da tutarta. Manyan kamfanonin suna da hedkwata a Miyami, yawancin fasinjansu Amurkawa ne, amma jiragensu na ɗauke da tutocin Bahamas da Fanama da Malta da Bamuda. Kamfanin Royal Caribbean kansa a Laberiya aka yi masa rajista. Ita Laberiya ta buɗe rajistar jiragen ruwa ne a 1948 da taimakon Edward Stettinius, tsohon sakataren harkokin wajen Amurka, kuma daga Amurka ake gudanar da ofishin rajistar. Wannan tsari yana rage wa kamfanoni haraji, yana kuma fitar da su daga dokokin albashi na Amurka.

Saboda haka yawancin masu dafa abinci da masu shara da masu gyaran gado daga Filifin da Indunusiya da Indiya ake ɗaukarsu. Sukan sa hannu a kwangilar wata shida zuwa tara, su yi aiki kwana bakwai a mako, su kwana a ƙananan ɗakuna a benayen ƙasa inda babu taga. Albashin ya fi abin da za su samu a gida, shi ya sa ake rububin aikin, kuma iyalai da yawa sun dogara ga abin da suke aikowa. Yarjejeniyar ƙwadago ta teku ta 2006, wadda ta fara aiki a 2013, ta wajabta hutun aƙalla sa'a 10 a cikin kowace 24, da sa'a 77 a mako. Wanda ya yi lissafi zai ga cewa dokar ta bar ƙofar aikin sa'a 91 a mako a buɗe. Ke nan rabuwar sama da ƙasa ta zamanin faskila da gama-gari tana nan, sai dai yanzu ma'aikata ne a ƙasa.

9.0 Tashoshi da Haɗurra

Garuruwan da jiragen ke tsayawa suna samun kuɗin tasha da ɗan ciniki, amma fasinjan da ya ci ya ƙoshi a jirgi, kuma a can zai kwana, ba ya barin kuɗi kamar wanda ya sauka a otal. Haka abin yake a Karibiyan, haka kuma yake ga ƙananan jiragen da kan tsaya a Dakar ko Takoradi, a kai fasinja su ga tsibirin Gore ko ganuwar Elmina, inda aka tsare bayi a da, su koma kafin dare. Wasu kamfanoni ma sun mallaki nasu wuraren saukar: Norwegian ya fara amfani da wani tsibiri a Bahamas a 1977, Royal Caribbean kuma ya yi hayar gaɓar Labadee a Haiti tun 1986, don kuɗin da za a kashe a tudu ma ya dawo aljihunsu.

Birnin Benis na Italiya, wanda ke zaune a kan ruwa, ya daɗe yana kukan cewa manyan jirage na girgiza harsashin gine-ginensa. Bayan wani jirgi ya yi karo da madatsar tasha a Yuni 2019, gwamnatin Italiya ta hana jiragen da suka haura tan 25,000 bi ta tsakiyar birnin daga 1 ga Agusta 2021. A Amurka kuma, a 2016 an ci tarar kamfanin Princess dala miliyan 40 saboda zubar da dattin mai a teku a ɓoye.

Girman jirgi yana ƙara girman haɗari. Ranar 13 ga Janairu 2012 Costa Concordia, ɗauke da mutum fiye da 4,200, ya bugi dutse kusa da tsibirin Giglio a Italiya, mutum 32 suka rasu. An ɗaure kyaftin ɗin shekara 16, har da laifin barin jirgi alhali da sauran fasinja a ciki. A Fabrairu 2020 aka killace Diamond Princess a Yokohama ta Japan da mutum 3,711, fiye da 700 suka kamu da cutar korona. A Maris na shekarar harkar ta tsaya cik a duniya. Fasinja sun koma gida cikin makonni, amma dubban ma'aikata sun yi watanni a teku babu ƙasar da ta yarda su sauka.

10.0 Kammalawa

An ga yadda hunturun Tekun Atlantika a 1891, da dokokin shige da fice na Amurka a 1921 da 1924, da jirgin jet a 1958 suka yi ta raba jiragen ruwa da fasinjansu, kowane karo kuma masu jiragen suka ƙara karkata ga masu neman hutu. A yau Queen Mary 2, wanda ya fara aiki a 2004, shi ne babban jirgi guda da ya rage yana jigila a kai a kai tsakanin Ingila da Niyok, kuma masu hawansa ma don jin daɗin tafiyar suke hawa. Annobar 2020 ta sake bar wa kamfanonin ɗakuna babu kowa, amma zuwa 2023 yawan fasinja ya kai miliyan 31.7, ya zarce na kafin annobar. Abin da har yanzu ake ja-in-ja a kansa shi ne rabon ribar: nawa ke zuwa ga kamfani, nawa ga ma'aikacin da ke benen ƙasa, nawa kuma ga garin da jirgin ya tsaya a cikinsa na sa'a takwas.